Babin da Yaya Ta Faɗa a Sama

Yayata a ɗakin hoton ƙashi take aiki a asibiti. In ka taɓa karaya a garinmu, ko tari ya ƙi barinka, wataƙila ka ji muryarta daga bayan gilashi: "Ja numfashi. Riƙe. Saki." Gajera ce mai ɗan jiki, kuma nauyin rigar dalmar da take sawa a wurin aiki ya sa kafaɗarta ɗaya ta ɗan sauka. Ba wanda zai kalle ta ya ce marubuciya ce. Ni kaina da muka fito ciki ɗaya na daɗe ban yarda ba.

Abin da na sani tun muna yara shi ne bakinta. In muna wanke-wanke, tana cuɗawa ina ɗaurayewa, sai ta ɗauko labari daga inda ba a sani ba, ta yi ta jansa har ruwan ya huce a hannuna. Washegari in na ce ta sake ba ni na jiya, sai ta ce, "Wanne?" Da farko na ɗauka rowa ce, har fushi nake yi. Ashe ba ta iyawa ne. Labari sau ɗaya yake fita daga bakin Yaya, in ba a tare shi ba ya tafi ke nan, ko ita ba ta san inda ya bi ba.

Shi ya sa da ta girma ba ta rubutu irin na mutane. In ta zauna gaban kwamfuta, sai ta yi ta kallonta kamar baƙuwa. Waya take kunnawa ta naɗi muryarta: a ɗakin canja kaya, a cikin mota kafin ta tayar, a kicin tana yanka albasa. Daga baya ta toshe kunne ta buga abin da ta faɗa. Haka ta yi shekaru tana gina littafi guda, labarin wani tsohon direban jirgin ƙasa da 'yarsa da ba sa ga maciji. Babi bayan babi tana janyo su kusa, har ta shigar da su ɗaki ɗaya ta rufe ƙofa. Abin da za su ce wa juna shi ne babin ƙarshe, kuma nan ne bakin Yaya ya ɗauke.

Wata edita a kamfanin buga littattafai ta karanta sauran ta ce tana so. Ta ba ta lokaci, ya wuce. Ta ƙara mata, ya sake wucewa. A na ƙarshe matar ta yi magana ba kwana-kwana: ranar Litinin kafin azahar, ko a ba wani gurbin. Ban ga laifinta ba, ita ma akwai na sama da ita. Amma na ga yadda Yaya ta rame a wuya a 'yan makonnin nan, tana yawo da waya a bakinta kamar mai shan magani, tana kunnawa tana kashewa ba ta ce komai ba.

To, ranar Lahadi kuma ita ce ranar ƙarshe ta hutun makaranta, kuma tun farkon hutun aka yi wa tagwayenta alkawarin wurin shaƙatawar nan na bayan gari, mai lilo da jirgin wasa da motocin karo. Kullum "sai Umma ta gama littafi". 'Yan matan sun daina tambaya, sai kallo, kuma kallon ya fi tambayar ciwo. Yaya ta ce a tafi ba ita. Mijinta ya ce ina.

Baban Biyu muke ce masa. Mai koyar da tuƙi ne, mutum mai sanyi kamar randa. Ɗan koyo zai nufi katanga da shi gadan-gadan, shi kuwa ya ce, "Birki, ranka ya daɗe, a hankali." Amma ka ce ya hau kujera ya canja ƙwan fitila, sai ya tuna yana da wani uzuri a waje. Duk gidan an san wannan, har tagwayen suna tsokanarsa.

"Kin yi wata guda a ɗaki babin nan bai zo ba," ya ce mata. "Ki fito ki sha iska mana. Wa ya sani ko a hanya yake jiranki."

Ni ma na sa baki, na rufe shagon gyaran gashina na bi su.

Wurin ya cika maƙil. Kiɗa ta ko'ina, kowane lilo da nasa, ga ihun yara, ga ƙamshin gugguru da warin man inji. Layin kowane wasa ya yi gwiwa ya dawo. Yaya ta samu benci ƙarƙashin wata rumfa, nan da nan ta zama ma'ajiya: jakata, gorunan ruwa, takalman tagwaye, har wata mata da ba mu sani ba ta ajiye mata keken jariri ta ce yanzu za ta dawo. Yaya ba ta iya cewa a'a ba, ko a asibiti ita ake bar wa aikin ranar hutu. Duk sanda na waiwayo ina hango ta, yatsa ɗaya a kunne, waya a baki, leɓe a rufe.

Da rana ta yi sanyi muka zo kan babban lilon nan mai kama da tayar keke, wanda ake hangowa tun daga titi, da ƙananan kejoji suna reto a jikinsa. Tagwaye suka ce sai Abba ya hau. Suka kama hannuwansa suna tsalle, mutanen layi suna dariya. Ya dubi saman abin, ya ce zai hau in uwarsu za ta zauna kusa da shi.

"Amma ki bar wayar nan," ya ce. "Ki ba ta hutu ke ma ki huta. Zagaye nawa ne duka?"

Ta jefa wayar a jaka, na karɓi bencin. Tagwaye suka shiga keji ɗaya, iyayen suka shiga na bayansu.

Sun kai can ƙololuwa sai abin ya yi wata ƙara ya tsaya. Kiɗansa ya mutu. Ma'aikatan suka taru a gindin inji, ɗaya ya ɗauki lasifika yana cewa kowa ya kwantar da hankalinsa, ƙaramar matsala ce. Na fito daga rumfa na kare ido da hannu. Tagwaye lafiya lau, har ɗaga min hannu suke. A kejin baya ina hango Baban Biyu ya dunƙule ya rungume ƙarfe. Yaya kuwa ta miƙe zaune, hannuwanta suna tashi suna sauka.

Na san hannuwan nan tun a bakin kwatami. Labari take bayarwa.

Na duba jakar da ke kafaɗata, ga wayar a ciki. Na ɗaga ta sama kamar wata sakarya, ina kiran sunanta, alhali ko mai lasifika ba a ji sosai a can. Na ruga wurin ma'aikatan na ce su sauko da su yanzu-yanzu. Wani ya ce, "Hajiya, akwai mara lafiya ne?" Me zan ce masa? Na koma na tsaya ina kallo. Ta daɗe tana magana. Ta nuna gefe ɗaya, ta juya ta nuna ɗayan, wato uban da 'yar ke nan. Can ta sauke hannu, ta sa bakin mayafi ta share fuska. Ban taɓa jin rashin amfanina irin na lokacin ba.

Da aka sauko da su, kafin ƙafarta ta taɓa ƙasa take cewa, "Wayata! Ba ni wayata!" Fuskarta kamar an kunna fitila. Sai Baban Biyu ya fito yana tangaɗi, ya durƙusa ya yi ta amai. Tagwaye suka fashe da kuka, sun ɗauka mutuwa zai yi. Ma'aikata suka kewaye mu da ban haƙuri, mai keken jariri ta dawo tana faɗa wai an matsar mata da shi rana. Yaya ta riƙe goshin mijinta, ta wanke masa fuska, ta lallashi yara. Sai da muka shiga mota, ni a sitiyari, sannan ta kunna wayar.

Ta buɗe baki. Ta rufe. Ta sake buɗewa.

"Baban Biyu," ta ce a hankali, "ta ina na fara?"

Yana kwance a kujerar gaba, ido rufe. "Fara me?"

"Babin. Na faɗa maka shi duka, daga farko har ƙarshe. Har kana cewa na'am."

"Ni?" Ya buɗe ido. "Wallahi addu'a nake yi."

Fitilar wayar tana nuna tana naɗa, ba abin da ta ɗauka sai ƙarar mota.

Washegari da safe ina buɗe shago sai ga motar koyon tuƙi ta tsaya. Ya kai yara makaranta, ya sallami ɗalibansa na ranar. Ya ce Yaya ta ɗauki hutu a asibiti, tana gaban kwamfuta tun asuba, tana bugawa tana gogewa.

"Ƙanwata, taimaka min za ki yi," ya ce. "Ki zo mu koma. Kunnena ai a buɗe yake jiya, dole ya shiga wani wuri. In na koma inda na ji shi, ƙila ya fito. Ke ki zauna inda ta zauna, ki riƙe waya."

Na so in ce masa wannan shirme ne. Na dubi idonsa, na ja ƙofar shago na kulle.

Wurin ya zama kango ranar Litinin, sai masu shara da tantabaru. An gyara lilon. Ma'aikacin ya gane shi, ya ce, "Alhaji, kai ne kuma?" Baban Biyu ya shiga kejin kamar mai shiga ɗakin tiyata, ya kama ƙarfen da hannu biyu, ya runtse ido.

"Buɗe idon mana," na ce.

"A rufe na ji shi."

Muka tashi. Iska tana kaɗa kejin, gumi yana bin wuyansa. Na kara masa wayar kusa da baki. Muka kai sama muka gangaro, ba komai. Ya ce wa ma'aikacin a sake. A zagaye na gaba ya roƙe shi ya tsayar da mu a ƙololuwa, mutumin ya ga ba kowa, ya tsayar.

"Akwai kofi," ya ce can, da ƙyar. "Kofin shayi. Ya miƙa mata. Ko ita ta miƙa masa."

"Sai me?"

"Sai... wani ya ce wani abu a kan taga."

"Wa? Me ya ce?"

Ya yi ta matse fuska kamar mai ɗaga buhu. Hawaye suka fito ta gefen idon da ke rufe. Babban mutum, mai furfura a gemu, yana reto tsakanin sama da ƙasa yana neman abin da ba nasa ba. Na kau da kai na kalli rufin gidaje, don in na ci gaba da kallonsa ni ma kukan zan yi. Muka yi ta hawa muna sauka har ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa, ma'aikacin ya ce shi kam ba zai sake tayar da injin da shi a ciki ba.

Ana kiran azahar muka shiga gidan. Yaya tana zaune a falo, kwamfuta a rufe a kan cinyarta.

"Na tura," ta ce. "Na yi masa ƙarshe. Sun yafe wa juna, sun yi kuka, irin wanda kowa zai rubuta. Editar ta ce ya isa." Sai ta lura da mijin, rigarsa sharkaf, yana dafa bango. "Daga ina kuke haka?"

Ta ga tikitin da ke leƙowa daga aljihunsa. Ta ajiye kwamfutar a hankali.

"Kofi na samo miki," ya ce. "Da taga. Iyakarsu ke nan. Ki yi haƙuri."

Ta gwada kalmomin a bakinta, kofi, taga, tana kallon ƙasa. Muka jira. Ta girgiza kai.

"Zauna kar ka faɗi," ta ce. Ya zauna kusa da ita. Sannan ta ce, "Abu ɗaya zan tambaye ka. Ya yi kyau? Wanda na faɗa maka ɗin. Ni dai na san na yi kuka, amma ban sani ba ko tsoro ne."

Na yi ta yi masa alama da ido ya ce e. Me zai rage shi? Amma Baban Biyu bai iya ƙarya ba, ko ɗalibin da ya faɗi gwaji ba ya ce masa ya kusa.

"Ban sani ba," ya ce. "Muryarki kawai na riƙe. Na ce muddin tana magana ba za mu faɗo ba."

Yaya ta gyaɗa kai. Ta tashi ta ce bari ta kawo masa ruwa, ta shiga kicin ta buɗe famfo. Muna zaune muna jin ruwan yana zuba, ba ta fito ba.