Rawar Ƙafar Barmo

Har gobe ban manta da yammacin da muka kafa majigi a wani ƙauye gabas da Kalfu ba. Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ina tafinta a motar silima da ke fita daga Tawa. Aikina shi ne in riƙe lasifika in yi wa jama'a bayanin hoton da Hausa, don fim ɗin ba shi da magana.

Da rani aka ɗauki hoton a ƙauyen, kan gyaran rijiya. Wanda ya shiga rijiyar shi ne Barmo, maginin rijiya, mutum mai cika baki. Kowa ya san labarinsa na kokawa da aljanin ƙarƙashin ƙasa, kuma kullum aljanin ƙara tsawo yake yi.

Da muka gwada fim ɗin a ofis, sai muka ga abin da ba mu lura da shi ba. Kafin Barmo ya kama igiya, ƙafafunsa rawa suke, gumi na zuba, bakinsa na motsi. Shugabanmu, Mushe Alu, wato Malam Alu da Faransanci, ya ce a yanke wurin, domin magini da aka sani da tsoro ba mai sake kiransa aiki. Ni ma na goyi bayansa. Ka'ida kuwa ba a sa wa fim almakashi sai da izini daga Yamai, izinin bai zo ba.

Bayan magariba hoton ya hau farin ƙyalle. Da aka zo wurin, dariya ta ɓarke. Wani ya ce, "Ashe aljani na ka kada Barmo tun daga bisa." Na hango Barmo ya sunkuyar da kai. Ni mai baki kamar reza, na sauke lasifikar, tausayinsa ya kama ni.

Sai matarsa, Inna Hajo, ta taso ta miƙo hannu. Na ba ta lasifikar ban tambayi kowa ba.

Ta ce, "Ku da kanku kuka ba ɗiyanku labarin aljani mai rijiya, wanda ba shi sakin ruwa sai ga wanda ya shigo da ladabi. To, ga ladabin nan kun gani. Kullum haka shika tashi, ko hura ba shi iya sha. Shi shiga da tsoronai, ku ku sha ruwa."

Mai gari ya ce a maido hoton baya. Wannan karon ba wanda ya yi dariya, aka ga ƙafa tana rawa, kuma ita ce ta taka bakin rijiya ta sauka.

Daga ranar na daina saurin neman almakashi. Majigi ba ya rufa wa kowa asiri, amma wani asirin sai an tone shi ake sanin girman mai shi. Da safe Barmo, da ya ji an so yanke wurin, ya zo muna ɗaure kaya za mu wuce garin Takanamat, ya ce mini, "Malam, in kun tahi Takanamat, kak ku yanke wurin nan."