Koken Baba Ɗanjuma da Taron Kano

Shekara talatin na yi ina aikin malamin gona, amma wata ranar Litinin a daminata ta biyu da kama aiki ta ƙi fita raina. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a wani ofishin gona a ɓangaren Ɗanbatta, ƙauyuka shida a hannuna. Ga wanda bai san tsarin ba, manomi in ya ga matsala yakan sa a rubuta masa koke zuwa ofis. Shugaban sashe ya karanta, ya maƙala 'yar takarda da umarni, ya tura wa mai kula da ƙauyen.

Da safen nan na tarar da takardu biyu a haɗe a kan teburina. Ɗaya gayyata ce zuwa taron bita a Kano, wadda aka raba wa kowa. Ɗayar koke ne daga wani dattijo, Baba Ɗanjuma, yana cewa wasu ƙananan ƙwari sun lulluɓe masa gyaɗa, ganyen ya fara murɗewa. A sama shugabanmu, Alhaji Garba, ya rubuta da jan biro: "Attend to this today."

Abin da na riƙe tun makaranta shi ne "attend" halarta ce, a halarci aji, a halarci taro. Na ga kalmar, na ga gayyata, na ɗauki jakata na nufi tasha. Koken ma na karanta shi a tsaye, na ce sai na dawo.

Sai Litinin ta zagayo na koma ofis. Alhaji ya kira ni, ya tambayi labarin gonar Baba Ɗanjuma. Na ce ai taro ya tura ni. Bai ɗaga murya ba. Ya jawo takardar, ya ɗora bakin biro a kan ƙaramar kalmar nan "to", ya yi min bayani kamar ɗan aji ɗaya. In "attend" ta zo ita kaɗai, mutum ya je wuri ne ya zauna. In "to" ta biyo ta, an ce ka kula da abu ne, ka saurari mai buƙata, ka yi masa aikinsa, kamar yadda likita ke duba marar lafiya. Sannan ya ce in ɗauko babur, tare za mu je.

Mun sami gonar cutar da manoma ke kira kuturtar gyaɗa, wadda ƙwarin nan ke yaɗawa, ta cinye fiye da rabinta. Da an yi feshi tun wancan makon, da an ceci wani abu. Matar Baba ta ce kullum sai ya sa an dama fura an ajiye wa malamin gona, ko kasuwa bai je ba don kada in zo ba ya nan.

Shi kuwa dattijon tabarma ya shimfiɗa mana. Ya ce, "Malam, na san aiki ya yi muku yawa. Zuwan ma an gode." Da za mu tafi ya kawo ƙwan zabi a ƙwarya ya ba ni. Na karɓa kaina a ƙasa.

A hanya na fara ba Alhaji haƙuri, ina cewa Turancin ne ya ruɗe ni. Ya sa na tsayar da babur a gindin wata kuka.

"Turancin nawa ne, ɗora min laifinsa," in ji shi. "Amma koken da Hausa aka rubuta shi."

Na tayar da babur muka ci gaba, a raina na san gaskiyarsa ce: Kano nake son zuwa.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, za ku ga ma'aikata da yawa da ba sa fashin ofis, sunansu na cikin kowace rajistar taro, amma babu manomin da ya san fuskarsu. Na yi mako guda a cikinsu, dattijo ya rasa gyaɗarsa, kuma shi ya yi min godiya.