Ƙishirwar Mijin Melitta

Melitta kambin furanni take kitsawa a kasuwar birnin Atina, irin wanda maza ke ɗorawa a ka in za su walima. Rumfarta tana jikin wani dogon zaure mai ginshiƙai, inda masu ilimi ke yini suna gardama. Ko harafi ɗaya ba ta sani ba, amma kunnenta ba ya hutu, kuma duk abin da ta tsinta sai ta kai shi gida ta gwada a kan mijinta.

Mijin, Sosiyas, shi ke hura wutar gasa tukwane a unguwar magina. Wutar nan ta mai da shi sarkin ƙishirwa, in ya kafa kai a tulu sai ya ga gindinsa. Sun tsufa tare suna tsiya kullum, kuma tana sonsa kamar ranta, sai dai ko za a yanka ta ba za ta faɗa ba.

Wata rana wani malami mai furfura ya kawo wa ɗalibansa misali. Ya ce bayan mutuwa rayuka sukan ratsa wani fili mai zafi, babu ko inuwa, har su iso bakin kogin mantuwa. Dole kowa ya sha kafin a sake haihuwarsa. Mai hankali ya kurɓa kaɗan, ya dawo duniya da ragowar abin da ya sani. Wanda ya kwankwaɗa kuwa, komai ya goge. Malamin kamun kai yake nufi. Melitta kuwa mijinta kawai ta hango, durƙushe a bakin kogin nan yana sha kamar bijimin sa. Lallai wannan mutum zai manta da ita sarai.

Ta tattara furanninta ta yi gida, ta ɓoye tulu, ta ajiye masa busasshen kifi mai gishiri da zaitun.

"Ke tsohuwa, ina ruwa?"

"Babu. Horo muka fara, maigida. Gara ka saba tun yanzu."

"Horon me? Yaƙi za a kai ni?"

Ta yi masa bayanin kogi. Ya yi dariya har ya ƙware da kifi, amma ita ko murmushi. Labari ya zaga unguwa, magina suka riƙa yi masa kirari da "Mai azumin lahira". Shi kuwa gogan naka sai ya koma satar hanya ta maɓuɓɓugar kasuwa. Can ta kama shi wata la'asar, gemunsa na ɗigar ruwa.

Ta buɗe baki za ta zazzaga masa masifa, sai kuka ya zo mata, a gaban mata masu ɗiban ruwa.

"Wato ko a jikinka! Ka shanye kogin mutane, ka wuce ni a hanya kamar ba ka taɓa ganina ba."

Sosiyas ya goge gemu, ya matso.

"Ranar da na fara ganinki a bikin girbin inabi, na san ki ne? Ban san sunanki ba, ban san gidanku ba, na yar da kwandon gawayi na bi ki. To bar ni in sha in ƙoshi. Ke mai hankali ki kurɓa kaɗan, ki zo ki tsaya inda zan gan ki."

"In kuma na dawo a akuya fa? An ce ana yi."

"Ai na saba da tunkuyi."

Mata suka fashe da dariya, ita ma ta yi, da hawayenta da komai. Ta ari kasko wurin wata maƙwabciya, ta cika shi fal, ta kai masa baki da hannunta.

"Sha, tsohon banza. Ni zan riƙe mana tunawar, mu biyu."