Ruwan Shinkafar Tsohuwar China

Ɗana Hamman ya kira ni ta bidiyo daga China, yana nuna min dogon benen da yake haya. Sai ga tsohuwa maƙwabciyarsa da bokiti.

Na ce, "Ba su da famfo ne?"

Ya ce, "Suna da shi, Baba. Ruwan da ta wanke shinkafa ne za ta ba shukokinta."

"To, kai da ka rantse in ka dawo Lamorde sai ka jefar da daron alwalata, wai abin kunya ne? Da ruwansa lemon marigayiya uwarka yake rayuwa."

Ya ce, "A bar daron, Baba."

Wallahi tsohuwar nan ta burge ni. Ku fa, ina kuke zubar da naku ruwan?