Tarhon Saje

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, bai taɓa yin soja ba, amma duk layinmu Saje ake ce masa. Yana saurayi ya je a ɗauke shi, ya cusa tsummoki cikin takalmi don ya ƙara tsawo. Mai awon ya dube shi sama da ƙasa, ya ce ya tuɓe takalmin. Daga nan Kawu ya dawo gida ya koyi aski.

Tun da ba a ba shi kaki ba, sai ya shiga tara na wasu. Shagonsa kujera ɗaya ce da madubi da benci. Sauran wurin duk kayan yaƙe-yaƙen da aka gama tun kafin a haife shi ne: hulunan kwano rataye a ƙusa, gorar ruwa ta ƙarfe da ta lotsa, kwanonin abinci masu mariƙi, ɗan shebur mai naɗewa, da wani abin rufe fuska mai hanci kamar na giwa, wanda yake nuna wa duk yaron da ya ƙi tsayawa a yi masa aski. Bindiga ce kawai ba ya ajiyewa. Ya ce ba ya son ƙara.

Kowane kaya da labarinsa, labarin kuma ƙiba yake yi. Lotsawar gorar nan, bara harsashi ne, bana tankar yaƙi ce ta bi ta kanta. Mu dai mun san matarsa, wadda muke kira Inna, ita ta jefi ɓera da ita.

Wata rana ya dawo daga wurin masu gwangwan rungume da akwatuna biyu masu launin ganye. Tarho ne na filin daga, irin wanda ake murza masa hannu ya yi ƙararrawa a ɗaya ɓangaren. Maƙwabcinsa mai gyaran rediyo ya goge tsatsar, ya sa batir, abu ya tashi. Gidan Kawu yana bayan shagon, sai ya ja waya ta kan katanga, ya ajiye akwati ɗaya kusa da madubi, ɗaya a kicin ɗin Inna.

Makon farko ya ji daɗinsa. Sai benci ya cika zai murza, ya gyara murya ya ce, "Hedikwata, a turo shayi." Shayi kuwa ya zo.

Ran nan bayan ya ba da odar, ya ajiye kan tarhon a karkace, maɓallin magana ya danne a jikin kwalbar man gashi. Bai lura ba. Ya ɗauki almakashi ya ci gaba da yi wa wani direban bas aski, yana koya wa benci zaman aure.

"Gida kamar bariki ne," in ji shi. "Ni a gidana sau ɗaya nake magana. Kun dai gani da idonku."

Sai wata 'yar murya ta fito daga akwatin, tana ƙara kamar ana soya abu. Muryar Inna ce.

"Saje, ina jin ka. In ka gama faretin, ka zo ka kwashe shanyar da ka ce za ka kwashe tun safe. Hadari ya haɗo."

Direban bas ya yi dariya har almakashi ya ci masa gefen kai. Kawu ya ce ai layin ne ya haɗu da na wani gida. Amma da aka fara yayyafi, an gan shi ya zagaya baya da sauri.

Daga wannan ranar, tarho ya canja ubangida. Inna ce ke murzawa yanzu: gishiri ya ƙare, famfo yana ɗiga, wa ya sa tsohon takalmin soja a kan buhun shinkafa? 'Yan benci ma suka gano amfaninsa. Da Kawu ya fara labarin wani kaya, sai wani ya miƙa hannu ya murza.

"Inna, wai da gaske janar ne ya ba shi wannan usur ɗin?"

"Janar ɗin masu gwangwan," in ji ta.

Kawu ya tsinke wayar ya ce ɓeraye ne. Inna ta aika wa mai gyaran rediyo da kwanon abinci, kafin la'asar layi ya dawo. Ya cire batir, ta sayo sabo.

Ana haka wani mai tara irin kayan ya zo daga wani gari, mutum mai tabarau da tumbi. Bai kalli hulunan ba, tarhon ya tsaya a kai. Kawu ya ga mafita ta zo har shago, ya shiga zuba yabo. Baƙon ya tambaya ko yana aiki, kafin a ba shi amsa ya murza, ya kara a kunne.

Inna ta ɗauka mijinta ne. "Kai kuma mene ne? Maganinka na nan kan tebur ba ka sha ba. Kana tsaye tun safe da wannan ƙafar, in ta kumbura kada ka kira ni."

Baƙon ya sauke kan tarhon a hankali. "Lallai yana aiki," in ji shi. "A naɗe mini duka biyun."

Kawu ya tsaya yana kakkaɓe tawul ɗin da ba gashi a jikinsa. Can ya ce, "Wannan ba na sayarwa ba ne. Ga shebur in kana so."

Baƙon ya tafi hannu rabbana. Direban bas ya tambaye shi me ya sa ya fasa, alhali kullum kuka yake da abin. Kawu ya ce shi ba zai sayar da kayan tarihi ga wanda ko gaisuwa bai iya ba. Sannan ya ce wa na kan kujera ya ɗan jira shi, ya zagaya gida shan magani.