Tsakanin Tanderu da Ruwa

Baba bai taɓa barin shayinsa ya huce ba. Da tururinsa yake kurɓewa yana tsaye, Inna tana mita wai wata rana sai ya dafa hanjinsa. Aikinsa ne ya mai da shi haka.

A masana'antar da muke aiki ni da shi, hannun birkin babur ake bugawa da alminiyam. Ni ina ɓangaren zubawa a kwali, shi yana bakin tanderu tun kafin a haife ni. In kwandon ƙarfe ya fito cike da kaya masu zafi, shi ke tura shi a kan sarƙa ya tsunduma a tankin ruwa. Nan take ake so. In kayan suka sha iska suka fara hucewa a hankali, shi ke nan, ƙarfinsu ya ragu. Abin haushin, ido ba ya ganewa. Za su yi ƙyalli sumul, sai ran da wani ya damƙe birki a gangara hannun ya karye.

Sai gwiwa ta fara cin amanarsa. Ya ɓoye wa kowa, amma ni da nake shafa masa magani na sani. Magana ta kai sama, aka ce shugaban sashe ya zo ya tsaya a kansa; in saurin ya ragu, a mai da shi gadin ƙofa. Baba kuwa, gara ka zage shi da ka ba shi kujera.

Ranar da shugaban ya zo, na bar kwalayena na laɓe a bakin ƙofar ɗakin tanderu. Aka buɗe tanderu, zafi ya daki fuskata. Baba ya kama kwando ya tura. Ana tsakiyar hanya gwiwar ta lanƙwashe, ya durƙusa. Kwandon ya tsaya yana lilo a iska. Wallahi ji na yi kamar in ruga in tura da kaina. Da ƙyar ya miƙe ya kai shi, ruwa ya yi ƙara, tururi ya tashi.

Shugaban sashen tare suka fara aiki da Baba, abokinsa ne na ƙuruciya. Lokacin da Baba ya faɗi, na ga ya juya baya yana wasa da maɓallin rigarsa. Ya matso, murya ƙasa ƙasa, ya ce, "Ban ga komai ba."

"Ƙarfen ya gani," in ji Baba.

Ya ɗauko jan fenti ya shafa wa kwandon, alamar a mai da shi wuta. Sannan ya cire safar hannunsa ya ajiye a bakin tanki. Na ji haushinsa, ban ɓoye ba, na kuma yi kuka a bayan kwalaye.

Da yamma Inna ta kawo masa shayi. Ya zauna, ya riƙe kofin da hannu biyu yana kallonsa, har tururin ya ɗauke.