Kazar da ta ci taurarinmu a hanyar Argungu

Ana sallame sallar asuba muka bar Birnin Kebbi, ni da abokaina biyu da malaminmu na kimiyya, za mu gasar makarantun sakandare a Argungu. Waɗanda suka ci su za su je Sakkwato, babban birnin jihar da ke maƙwabtaka da tamu, ni kuwa ban taɓa ganinta ba.

Makaminmu wani faifai ne. Mako uku muna manna masa ƙwayar shinkafa da ƙaro, kowace ƙwaya tauraro, a tsakiya kuma ƙwan tocila. Malam ya koya mana cewa can nesa akwai garken taurari inda ake ta haihuwar sababbi, a cibiyar garken kuma akwai baƙin rami mai haɗiye abin da ya matso shi. Abin da ke faɗawa ciki yakan yi zafi har haskensa ya fi na garken duka. Ni aka ba riƙon faifan.

Motar ta cika har da numfashi sai an yi layi. Dama da hagu fadama ce kore shar, warin albasa kuma ya rako mu tun daga tasha. Kusa da ni wata tsohuwa ce da kazarta a cinya. Na rantse ƙifta ido kawai na yi, amma abokaina sun ce har da minshari. Ina farkawa na tarar kazar ta share tsakiyar faifan tas.

"Inna, kazarki ta canye muna taurari!"

"Taurari? Ɗana, wagga ai shinkafa ta. In kana son kayanka, jira ta yi ƙwai."

Malam kallona kawai ya yi, na ji Sakkwato ta ƙara nisa.

A Argungu muka karya da soyayyen kifin da ya kusa kai ni tsawo, amma bai wuce mini da daɗi ba. Da aka kira mu, na kunna ƙwan, na nuna wa alƙali wurin da ya yi fayau.

"Ranka ya daɗe, nan baƙin ramin ya yi kalaci. Da gangan muka bar shi hakanan."

Alƙalin, wani dattijo mai tabarau, ya ce galibi iska da ƙura ramin ke ci, taurari sai jefi-jefi. Ya yi mini tambaya uku, na amsa biyu da rabi. Sannan ya sunkuya ya zare wani abu daga ƙaron.

"Bayaninka ya yi, yaro. Amma ban taɓa jin baƙin rami mai gashi ba."

Zauren ya kwashe da dariya, har da Malam. Mu muka zo na biyu, kuma na ɗaya da na biyu ake ɗauka.

Da la'asar muka iso gida lafiya. Na koyi cewa abin da ka fahimta da kanka babu kazar da za ta tsince shi. Malam kuma ya yanke hukunci: a tafiyar Sakkwato, da tsakuwa za a yi taurarin, kuma ba ni zan riƙe ba.